Tashar Ƙaramin Gari a Zanen Launin Ruwa na Amurka

Gabatarwa

A ƙananan garuruwan Amurka akwai wani irin hoto wanda da wuya mutum ya shiga banki ko ɗakin karatu na gari ko ofishin ƙungiyar tarihi bai tarar da shi rataye a bango ba. Zane ne na hannu da aka yi da launin ruwa, abin da ke cikinsa kuwa kusan kullum ɗaya ne: wani ɗan gini na katako ko na jan bulo mai faffaɗan rufi, da allon sunan garin manne a gefensa, da layin dogo wanda ya ratsa ta gabansa ya ɓace can nesa. Wanda ya zana shi galibi ɗan yankin ne, malamin makaranta ko tsohon ma'aikaci ko matar gida, wanda sunansa bai wuce gunduma biyu ko uku ba. Mutanen gari suna sayensa, suna buga shi a kalanda, suna aika wa 'ya'yansu da neman abinci ya kai su nesa, domin a wurinsu wannan gini shi ne fuskar garin.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ya kamata manazarci ya karanta irin wannan zane. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa ginin da mai zane ya ɗauka a matsayin alamar garinsu shi ne ginin da mutanen garin suka fi ƙarancin hannu a cikinsa, sa'an nan kuma abin da zanen yake sa wa zuciyar mai kallo ya danganta ƙwarai da ko jirgi yana tsayawa a tashar lokacin da aka zana ta, ko kuwa ya riga ya daina.

Kafin mu shiga ciki, akwai kalmomi biyu da ke bukatar a daidaita su. Amurkawa suna kiran ƙaramar tashar jirgin ƙasa da kalmar depot, wadda asalinta Faransanci ne, ma'anarta kuwa wurin ajiye kaya. Wannan ya nuna cewa tun farko kaya ne suka fi muhimmanci a wurin, ba fasinja ba. Mu dai za mu ci gaba da cewa tasha. Ta biyu, mun guji cewa fentin ruwa, domin a bakin magina da masu fenti wannan suna ne na abin da ake shafa wa bangon ɗaki, kishiyar fentin mai. Saboda haka muka zaɓi launin ruwa.

Launin ruwa da halayensa

Launin ruwa garin launi ne da aka niƙa ya yi laushi, aka kwaɓa shi da ƙaro, aka ɗan ƙara masa zuma ko wani abu mai riƙe damshi don kada ya tsattsage. Ƙaron da ake nufi shi ne dai wanda muka sani, na jikin dakwara da 'yan'uwanta, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi, Chadi da Nijeriya kuma suna cikin manyan masu fitarwa. Duk almajirin da ya taɓa haɗa tawada da ƙaro, ya rubuta allo, ya wanke, ya riga ya san sirrin abin: ƙaro yana riƙe launi a kan abin rubutu idan ya bushe, amma da ruwa ya taɓa shi sai ya sake. Mai zanen da ke zaune a bakin dogo a Ohio ko Kansas, ashe da ɗigon itacen Sahel yake aiki, ko da bai sani ba.

Daga wannan haɗi ne halayen zanen suka fito. Launin yana da shara-shara, watau hasken takarda yana ratsa shi ya dawo idon mai kallo, don haka a tsantsar wannan fasaha ba a amfani da farin launi. Duk inda ake son fari, ko bangon da rana ta haska ne, ko tururin da ke tashi daga kan jirgi, ko ƙanƙarar da ta rufe rufi, sai a bar takardar a wurin ba a taɓa ta ba. Ke nan dole mai zane ya san inda haskensa zai zauna tun kafin ya tsoma buroshi. Yana farawa da launi mafi sauƙi, kamar na sararin sama, ya bari ya bushe, ya ɗora wani a kai, a haka har ya kai ga inuwa mafi duhu, kamar ta ƙarƙashin rufi. Mai fentin mai yana iya binne kuskurensa da wani shafi. Mai launin ruwa kuwa abin da ya yi duhu da wuya ya koma haske sarai.

Duk da wannan wuya, launin ruwa ne ya zama kayan aikin mai zane na ƙaramin gari, dalilin kuwa a fili yake. Yana da araha, akwatinsa yana shiga aljihu, yana bushewa cikin mintoci, ba ya bukatar ɗakin aiki. Tun a shekarar 1781 William Reeves na Ingila ya sami lambar yabo saboda ƙirƙiro launin ruwa a dunƙule kamar sabulu, a 1835 kuma kamfanin Winsor & Newton ya fito da mai damshi wanda ba ya bukatar a goga shi kafin a yi aiki. A Amurka an kafa ƙungiyar masu zanen launin ruwa a New York a 1866, sa'an nan Winslow Homer, wanda ya duƙufa a kan wannan fasaha daga 1873, ya nuna wa mutanen ƙasar cewa ba abin wasan yara da 'yan mata ba ce kamar yadda wasu suke raina ta. Mutumin da ke aikin ofis zai iya fita bayan an tashi, ya zauna a kan akwati daura da tasha, ya koma gida kafin duhu da zane a hannu.

Ginin da ake zanawa

Yanzu bari mu dubi ginin kansa, domin kowane sashe da ake gani a zanen yana da aikinsa. Mafi yawan tashoshin ƙananan garuruwa ɗaki uku ne a jere ƙarƙashin rufi ɗaya. A gefe guda ɗakin jiran fasinja ne, da bencina da murhun kwal a tsakiya, wanda shi ne dalilin bututun hayaƙin da ake gani a kan rufi. A ɗaya gefen sito ne na kaya, mai babbar ƙofa da ake turawa gefe, da dakali wanda tsawonsa ya yi daidai da bakin tarago. Tsakaninsu kuwa ofishin wakilin kamfani ne. Abin da ya fi jan idon masu zane shi ne tagar wannan ofis, wadda ta turo waje kamar ƙirjin zakara, da gilashi ta fuska uku. Ba ado aka yi ta dominsa ba. An yi ta ne don wakilin ya hango jirgi daga gabas da yamma ba tare da ya tashi daga teburin wayar tangaraho ba. Dogon ƙarfen da ke tsaye a gabanta mai hannu kamar na alamar hanya, shi ne yake gaya wa direba ko ya wuce ko kuwa akwai umurnin da zai karɓa. Rufin da ya zarce bango da nisa kuma don kare kaya da mutane ne daga ruwa da rana. A wuraren da gari bai riga ya kafu ba, akan yi wa tashar bene, wakili da iyalinsa su zauna a sama.

Wa ya tsara wannan gini? Ba maginin gari ba ne. Manyan kamfanonin jirgin ƙasa suna da tsararrun taswirorin gini a babban ofishinsu, a Chicago ko Omaha ko Philadelphia, an lambata su gwargwadon girman gari da yawan kayan da ake sa ran zai fitar. Injiniyan da bai taɓa taka garin ba shi ne zai zaɓi lamba, a loda katako a tarago, kafintocin kamfani su zo su kafa, su wuce gari na gaba su kafa irinsa. Hatta launin fentin bango kamfani ne yake yanke shi, ya zama iri ɗaya a duk tsawon layinsa. Saboda haka tashar da mutanen wani gari suke ganin babu irinta a duniya, tana iya kasancewa tana da tagwaye hamsin ko ɗari, allon suna kaɗai ya bambanta su.

A yammacin ƙasar ma abin ya wuce haka, don sau da yawa tashar ta girmi garin. Tsakanin 1850 da 1871 gwamnatin tarayya ta ba kamfanonin jirgi ƙasa kimanin eka miliyan 130, ƙasar da aka raba 'yan asalin nahiyar da ita. Kamfanoni suka riƙa yanka garuruwa a bakin dogo, mil bakwai zuwa goma tsakanin wannan da wancan, yadda manomi zai iya kai hatsinsa da keken doki ya komo a yini ɗaya. Wani misali daga jihar Nebraska ya isa. A farkon shekarun 1870 kamfanin Burlington ya raɗa wa tashoshin layinsa sunaye bisa jerin baƙaƙen boko: Crete, Dorchester, Exeter, Fairmont, Grafton, Harvard, Inland, Juniata, Kenesaw, Lowell. Sunan da mai zane yake rubutawa a allon tasha da ƙauna, wani ma'aikaci ne ya zaɓe shi don ya dace da harafin da aka kai.

Har lokaci ma ta nan ya shigo. Kafin 1883 kowane gari da agogonsa, yana bin tsayuwar rana a kansa. Ranar 18 ga Nuwamba na wannan shekara kamfanonin jirgi suka raba ƙasar shiyya-shiyya, kowace da lokaci guda, ba tare da jiran doka ba, domin sai a 1918 majalisa ta tabbatar da tsarin. Daga nan agogon tasha ya zama shi ne gaskiya, na coci da na aljihu suka koma binsa.

To, yaya aka yi baƙon gini ya zama ɗan gari? Amsar ita ce duk abin da ya shafi rayuwar mutane ta wannan ƙofa yake bi. Wasiƙa da jarida ta nan suke sauka. Labarin zaɓe da farashin alkama da saƙon rasuwa wakilin tasha ne yake fara jin su a wayar tangaraho. Kayan da aka yi oda daga kamfanin Sears, tun daga takalmi har gida sukutum, wanda kamfanin ya fara sayarwa a 1908, a wannan sito ake karɓarsu. Amarya ta nan take zuwa, soja ta nan yake tafiya, gawa ta nan ake kawo ta. Kamfani ne ya gina, amma hawayen da aka zubar a dakalin na mutanen gari ne.

Burchfield: zane a lokacin da jirgi ke raye

Domin mu ga yadda ɗan ƙaramin gari yake kallon dogo a lokacin da yake da ƙarfinsa, babu wanda ya fi dacewa mu duba kamar Charles Burchfield. An haife shi a 1893 a Ashtabula ta jihar Ohio, bayan rasuwar mahaifinsa kuma uwarsa ta koma da 'ya'yanta garin Salem a 1898. Salem gari ne mai mutane kimanin dubu goma a wancan zamani, babban layin kamfanin Pennsylvania da ya haɗa Pittsburgh da Chicago ya ratsa ta cikinsa. Burchfield ya yi karatun zane a Cleveland daga 1912 zuwa 1916, ya komo gida ya kama aikin akawu a wata masana'antar ƙarfe, yana zane da rana lokacin hutun cin abinci, da dare, da ranakun da babu aiki. Watau a wancan lokaci shi ne ainihin irin mai zanen da muka siffanta a farkon maƙalar nan, bambancin kawai shi ne baiwarsa ta fi ta saura.

Abin da ya keɓanta da shi shi ne ƙoƙarin zana abin da kunne yake ji. A 1917 ya tsara wa kansa wasu alamomi a littafin rubutu, kowace tana wakiltar wani hali na zuciya, kamar tsoro da ƙunci da hauka, yana kuma saka su a siffar taga ko rufi ko gajimare. A wannan shekara ya fara wani zane na turakun wayar tangaraho, inda ya mai da gunjin da waya take yi cikin iska ya zama layuka masu kaɗawa a sararin sama. Bai kammala shi ba sai 1952. A 1920 kuma ya yi zanen da ya kira Gates Down, watau an sauke shinge, wanda ya nuna jirgi yana tahowa inda hanya ta tsallake dogo a Salem. Mai kallon ayyukansa na wannan lokaci ba zai sami wata kewa a cikinsu ba. Abin da zai samu shi ne hayaƙi da kunkunniya da taɓo, da gidajen ma'aikata waɗanda tagoginsu suke kama da idanun gajiyayyu. Jirgi a wurinsa abu ne mai ban tsoro da ban sha'awa a lokaci guda, wanda yake girgiza gari ya wuce ba tare da ya san da zaman garin ba.

A 1921 ya koma Buffalo ta jihar New York yana tsara zanen takardar ado ta bango a wani kamfani, a 1925 ya zauna a ƙauyen Gardenville kusa da birnin, a 1929 kuma ya ajiye aiki ya dogara ga zane kaɗai, da 'ya'ya biyar a wuyansa. Shekara guda bayan haka gidan adana zane-zanen zamani na New York ya nuna ayyukansa na ƙuruciya. A shekarun 1930 ne ya yi manyan ayyukansa na dogo, irin su taragun kaya a ƙarƙashin gada na 1933, da Black Iron na 1935, wanda ya nuna gadojin ƙarfe biyu na jirgi da ake ɗagawa a kan kogin Buffalo. A nan ya saɓa wa ƙa'idar da muka bayyana a baya. Yana aiki a tsaye a gaban babbar takarda, da buroshi mai ƙarancin ruwa, yana jibga launi a kan launi, yana gogewa da soso ya sake, har zanen ya yi nauyi kamar na mai. A ganinmu ya yi daidai, domin baƙin ƙarfe da tsatsa ba su yarda da shara-sharan launi ba.

Masu sharhi sun haɗa shi da Thomas Hart Benton da Grant Wood da John Steuart Curry, waɗanda aka sani da masu zanen yanki, musamman bayan da mujallar Time ta yi dogon bayani a kansu a Disamba 1934. Shi kuwa bai so wannan laƙabi ba, don yana ganin ana ƙunƙuntar da aikinsa ne. Abokin zamaninsa Edward Hopper, wanda ya rubuta maƙalar yabonsa a 1928, shi ma ya zana tashar ƙaramin gari da fentin mai tsakanin 1918 da 1920, daga baya kuma ya zana dogon da ya ratsa Truro a yankin Cape Cod da launin ruwa a farkon shekarun 1930. A ayyukan Hopper shiru ya riga ya fara shigowa: tarago guda a tsaye cikin ciyawa, babu kowa. Kafin shekarun 1930 su ƙare an daina ɗaukar fasinja na yau da kullum a wannan layi, a 1960 kuma aka bar shi ɗungum.

Bayan jirgi ya daina tsayawa

Tsawon dogo a Amurka ya kai ƙololuwarsa a 1916, kimanin mil 254,000. Daga nan sai raguwa. Motar Ford mai araha ta fito tun 1908, bas da babbar mota suka biyo baya, dokar gina manyan hanyoyi ta 1956 ta ƙarasa abin da ya rage. A 1967, shekarar da Burchfield ya rasu, hukumar gidan waya ta janye mafi yawan wasiƙu daga jiragen fasinja, da wannan kuɗi kuwa ƙananan layuka da yawa suke numfashi. Ranar 1 ga Mayu 1971 kamfanin Amtrak ya karɓi jigilar fasinja tsakanin birane, ya soke kimanin rabin jiragen da suka rage. Tashoshi masu yawan gaske aka rushe, wasu aka sayar wa manoma suka ja su suka mai da su rumbu.

Mafi yawan zane-zanen da ke rataye a bankuna da ɗakunan karatu bayan wannan lokaci aka yi su, wannan kuwa shi ne abin da manazarci ya kamata ya fara tantancewa. Dokar kare gine-ginen tarihi ta 1966 da bikin cikar ƙasar shekara 200 a 1976 sun tayar da sha'awar tarihin gari, aka riƙa mai da tsofaffin tashoshi gidajen tarihi. Jimmy Carter ma ya mai da tashar garinsu Plains ta jihar Georgia, wadda aka gina a 1888, hedkwatar neman zaɓensa na 1976.

Mai zanen wannan zamani sau da yawa ba a bakin dogo yake zaune ba. Tsohon hoto ne ko katin gidan waya a gabansa, don ginin ya lalace ko babu shi. Akwai alamomin da ake gane haka. Bango fes yake, alhali tashar da jirgin kwal yake wucewa ta gabanta sau ashirin a yini ba ta rabuwa da baƙi. Wayoyin da suka yi saƙa a sama an rage su ko an cire. Yanayi kusan kullum na hantsi ne ko na la'asar sakaliya. Idan akwai jirgi to mai tururi ne, ko da kuwa mai zanen ya tashi ne a zamanin dizal, tun da zuwa 1960 manyan kamfanoni sun ajiye injin tururi. Mutane kuwa ko babu su, ko kuma tsoho ɗaya da kare. Launin ruwa da kansa yana taimaka wa wannan, domin farin takarda da taushin gefuna suna sa kome ya yi kama da abin da ake tunowa.

Ba muna cewa wannan ya rage darajar aikin ba ne. Mai zanen gari yakan riƙe abin da taswirar kamfani ba ta sani ba: itacen da ke gefen dakali, rumbun hatsin da ke bayan sito, ɓangaren da rana take faɗuwa, launin da tsofaffi suka ce bangon yake da shi a lokacin da hotunan kyamara duk fari da baƙi ne. Wani lokaci ma shi kaɗai ya rage. A garin North Platte na Nebraska, daga ranar Kirsimati ta 1941 zuwa Afrilu 1946, matan yankin sun ciyar da sojoji kimanin miliyan shida kyauta a tashar kamfanin Union Pacific, kowane jirgi yana tsayawa na 'yan mintoci kaɗan. An rushe wannan tasha a 1973.

Ƙofa biyu

Akwai abu guda da irin wannan zane yakan yi shiru a kansa, wanda kuma bai kamata mai nazari ya yi shiru ba. A jihohin kudu tashar ba ɗakin jira ɗaya take da shi ba, biyu ne, kowane da ƙofarsa da allonsa, ɗaya na farar fata, ɗaya na baƙar fata, na biyun galibi ya fi ƙanƙanta. Shari'ar da ta halatta wariyar launin fata a duk ƙasar ma daga jirgin ƙasa ta taso: a 1892 aka kama Homer Plessy a New Orleans don ya zauna a taragon farar fata, a 1896 Kotun Ƙoli ta goyi bayan dokar jihar Louisiana. Sai a ƙarshen 1955 hukumar kula da ciniki tsakanin jihohi ta hana wariya a jirage da ɗakunan jira ga masu tafiya daga jiha zuwa jiha, ko bayan haka ma an ɗauki shekaru kafin alluna su sauka. Idan mai karatu ya ga zanen tashar Georgia ko Alabama ko Mississippi da ƙofofi biyu masu kama da juna a gefen fasinja, ba a rubuta kome a kansu ba, to ya san abin da buroshi ya tsallake.

Ta waɗannan ƙananan ƙofofi ne mutane da yawa daga cikin baƙaƙen fata kimanin miliyan shida da suka bar kudu tsakanin shekarun 1910 da 1970 suka fita. Jacob Lawrence ya zana wannan ƙaura a jerin alluna 60 a 1940 zuwa 1941, da wani launi mai kauri wanda shi ma da ruwa ake kwaɓa shi. Allo na farko tasha ce, amma ba a ganin rufinta ko tagarta. Mutane ne cunkus suna turereniya zuwa ƙofofi uku da aka rubuta wa Chicago da New York da St. Louis. A wurin wanda ya zauna, tasha gini ce da ake so a tuna. Lawrence kuwa, wanda iyayensa suna cikin masu ƙaurar, hanyar fita ya gani.

Launin da ke gushewa

Saura batun launi a matsayin hujja. Kwamitocin da ke gyara tsofaffin tashoshi sukan so su dogara da zanen ɗan gari don sanin fentin da za su shafa, amma akwai haɗari a cikin haka. Ƙaro ba ya lulluɓe garin launi kamar yadda mai yake yi, saboda haka haske yana cin launin ruwa da sauri. Wasu jajaye da rawaya da aka samo daga tsirrai ko ƙwari su ne suke fara tafiya. Koren da aka haɗa daga shuɗi da rawaya yakan koma shuɗi idan rawayar ta gudu, takarda mai araha da aka yi da niƙaƙƙen katako kuma takan yi ja-ja, sai farin da aka bari don tururi ko ƙanƙara ya koma ruwan ƙasa. Wannan ne ya sa gidajen tarihi, har da cibiyar da aka buɗe da sunan Burchfield a Buffalo a Disamba 1966, wata guda kafin rasuwarsa, suke nuna irin waɗannan ayyuka cikin haske kaɗan na 'yan watanni, sa'an nan su mai da su cikin akwati. Zanen da ya shekara arba'in a bangon banki daura da taga bai sami wannan gata ba. Masu gyaran da suka san aikinsu sukan ɗauki zanen a matsayin manuni kawai, sa'an nan su je jikin ginin, su sami katakon da ke can ƙarƙashin rufi inda rana da ruwa ba su kai ba, su kankare shi a hankali da wuƙa, shafi bayan shafi, har su kai ga fentin farko da kafintocin kamfani suka sa.